Inda Na Binne Cibiyar Zuliha

Dudunni,
Ƙaramar Hukumar Kusada.

Zuwa ga ɗana Badaru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya kamar yadda muke nan. Allah Ya ƙara ma maijego Rauda ƙarfi, Ya raya mana Zuliha bisa sunna. Tun ranar da albishir ya iso ban zauna wuri ɗaya ba, har innarka Iyatu ta ce in rage washe baki tunda haƙoran ba su da yawa. Ka faɗa ma jaririyar nan mijinta na ƙauye yana nan yana jira, kada ta kula samarin birni. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, don ba maganar waya ba ce.

Sagir direba ya kawo mani cibiyar a ƙulle cikin ƙyalle, da saƙonka cewa a binne ta a fadama, gindin dabinon da aka binne taka da tawa. Badaru, fadamar da ka sani babu ita. Masu tifa sun kwashe yashin rafi har ruwa ya gudu ƙasa. Rijiyar da kuke ɗiba da ƙwarya kuna yara, yanzu guga ba ya jin ruwa. Inda muke albasa da rake ya koma ramukan masu bulo, gefen hanya kuma an yanka fuloti. Cikin dabinanmu guda biyu suka rage da ganye, kuma bana ba su yi 'ya'ya ba.

Baffanka Haladu ya riga ya sallama rabonsa ga masu bulo, kuma dabinon namu a kan iyakarsa yake. Na same shi da ƙyallen a aljihuna, na roƙe shi ya ce su bar mani ko taƙi kaɗan. Ya ce shi ma ba da son ransa ba ne, gonar da ba ta ba shi ko kwandon albasa da me zai ciyar da gida. Gaskiya kuwa ya faɗa. Na je wajen maigari, ya ce nasa filin ma haka ta same shi. Na tsaya gindin dabinon da fartanya, ramin bulo yana gabana, na kasa sara. Ina tsoron in binne jikata yau, gobe a cuɗa ta cikin laka a gina ma wani shago.

Don haka na saɓa maka, ka yi haƙuri. Na ɓamɓaro ɗan tsiro daga gindin macen dabinon, na kawo gida na dasa a bayan ɗakina, wurin da nake alwala, na binne cibiyar a ƙarƙashinsa. Iyatu ta ce dabino ba ya kamawa a tsakar gida, wataƙila kuma ta fi ni gaskiya. Ruwan da nake da iko da shi yanzu shi ne na butata, shi yake sha sau biyar a rana.

Iyatu da ƙanwarka Halima suna gaishe ku. Ka gaishe da Rauda ƙwarai. In kun zo da Zuliha babbar salla, kada ka kai ta fadama. Ka kawo ta bayan ɗakina.

Ni ne mahaifinka,
Malam Ummaru.