Giyar Bayan Motar Baba

Daren Laraba, Jibiya

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu Baba Ilu makanike ya kira ni gareji, wai an samo giyar baya ta jar motar marigayi Baba, mai ƙofa biyun nan da ta daɗe a kan duwatsu. Wani mutumin Maraɗi ne ya ƙetaro da ita ta Magama, yana ta kiranta "pon".

Na duƙa na duba. Ta sha baƙin fenti, har yana kama yatsa, kuma an kankare wurin lambar. Na ce a buɗe mu ƙirga haƙoranta, don in ba su yi daidai da na tsohuwar ba, motar sai kuka, ba gudu.

Baba Ilu ya yi dariya. "Haba ɗana, ai kamar don motar aka ƙera ta."

Abin da ya dame ni ke nan. Motar da ko a Katsina ba a ganin irinta, yaya ramukan noti duk suka zauna cif? Na ce to a fiddo tamu mu jera su. Sai da ya kalli baƙon kafin ya ce yara sun sayar wa masu gwangwan.

Baba Ilun nan shi ya yi wa marigayi Baba wankan gawa. Kunya nake ji, amma zuciyata ta nace cewa tamu ce aka shafe aka dawo da ita.

Na ce kada a ɗaura tukuna. Na durƙusa na yi masa sallama kamar kullum, amma na taho da makullin motar.