Firjin da Bai Iso Sito Ba

Litinin, 3 ga Maris

Shugaban asibiti ya ce in sa hannu wai sabon firjin rigakafi ya shigo sitona. Wane firji? Tsohon nan ne dai yake ta gurnani. Na ce sai na gani. Ya ce, "Hajiya, fanshonki fa ya kusa." Yana murmushi.

Laraba, 5 ga Maris

Yau tsohon oditan gwamnati ya faɗo mini a rai, wanda muke kira Buɗe-mu-gani. Wallahi na tsani mutumin nan a lokacin! Ya zo da ƙoƙaƙƙiyar jakarsa, ko ruwanmu ba ya sha. Kwali yana can saman kanta, sai ya tattare riga ya hau kujera da kansa. Ya taɓa sa ni kuka a kan lissafin safar hannu.

Amma a zamaninsa, duk babban da ya kawo mini zancen banza, sai in ce, "Ranka ya daɗe, odita fa zai zo." Shi ke nan, magana ta mutu. Ashe a bayansa nake ɓuya ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Oditocin yanzu a ofishin shugaba suke tsayawa. Ko ƙofar sito ba su sani ba.

Asabar, 8 ga Maris

Firji ya sake ɗaukewa. Allurai sun lalace, an sallami iyaye mata da jariransu a baya. Wata ta ce tun safe take tafe a ƙasa. Na kasa kallonta.

Baban yara ya ce, "Ki sa hannun mana, ke kika ci?"

Talata, 11 ga Maris

Na tambayi masinja labarin Buɗe-mu-gani. Ya rasu tun bara. Allah ya jiƙansa. Ban taɓa yi masa sannu da zuciya ɗaya ba. Ina kewarsa, ni ɗin nan.

Juma'a, 14 ga Maris

Hanya ce kawai ta bi da ni ta ofishin babban odita. Na ɗan shiga gaisuwa. Wata odita mai tabarau ta tambayi aikina, hira ta yi hira. Ban kai ƙarar kowa ba, tambayata aka yi na amsa.

Ta ce ranar Litinin za ta zo, kuma sito za ta fara shiga. Ban gaya wa Baban yara ba tukuna. Bari ya ci abincinsa.