Golan Kwalejin Bakin Kogi

Asabar da dare, Fegge, Onitsha

Muryata ta dishe, amma raina fes. Yau na bar wa Yaya Isa shanu na tafi kallon ƙwallo. Tsohuwar kwalejinmu ta ci Kwalejin Bakin Kogi huɗu da nema, su da a zamaninmu ko sunansu muka ji sai gabanmu ya faɗi. Yanzu rigunansu sun koɗe, ko ɗan canji ba su zo da shi ba.

Har aka tashi ina tuna marigayi Mista Obi, mai horar da mu. Ni kaɗai ne Bahaushe a ƙungiyar. Shi ne ya saka ni a gola, da azumi kuma ya mayar da atisaye da sassafe saboda ni.

A bakin fili sai ga Chike, wanda ya sha zura mini ƙwallo a da, yanzu shi ke horar da Bakin Kogi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, ka ga golana. In ba mu ci wasa bana ba, shugaban makaranta zai rushe ƙungiyar. Zo ka koya wa golan nan abin da Obi ya koya maka."

Na ce, "Ni, in taimaki Bakin Kogi?"

Ya ce, "In muka rushe, wa za ku riƙa ci?"

Na yi dariya har da hawaye, na ce ya jira ni Laraba da la'asar. Yanzu na zaro tsohon takalmina daga ƙarƙashin gado na gwada. Ya matse ni kaɗan, amma ya shiga.