Mu'az da tashar girki

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Ni na kawo dish ɗin nan gidana da hannuna, don in riƙa ganin sallar Harami da labaran duniya. Yanzu kowa da tasharsa. Matata Kande da wasan Indiya mai fassara, 'yata Fauziyya da na Turkiyya, ni da zakunan dawa in na samu rimot. Ɗana Mu'az kuwa ko ƙwallon Turawa bai dame shi ba. Girki! Yau na tarar da shi ya zuba wa wani ɗan Japan ido, yana yanka kifi.

Laraba, 17 ga Janairu

Shinkafar rana ta yi daɗi, har na ƙara. Ashe Mu'az ne ya dafa, irin ta Larabawa da ya gani a wata gasa. Kande ta ɓoye mini, Fauziyya ta tona. Na ture kwanon.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Da na dawo daga masallaci Mu'az ya durƙusa. "Baba, wani otal a Kano zai ɗauke ni koyon girki. Albarkarka nake nema." Na ce ɗan da na kai har sakandare, gona na jiransa a Kafin Dafga, shi zai ɗaura zane ya shiga madafa? Na kira shi da sunan da ake kiran maza masu tuyar masa a tasha. A gaban ƙanwarsa. Bai ɗago ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Ya tafi. Uwarsa kaɗai ya yi wa sallama.

Talata, 5 ga Maris

Na cire wayar dish ɗin, kwana biyu na mayar. Shirun gidan ya fi ƙarfina. An nuna giwaye, an nuna Sinawa suna dashen shinkafa, ban fahimci komai ba. Kande ta daina kallon Indiyarta. Ta ce, "Malam, da ka hana shi kawai, da ya haƙura. Kalmar ce." Na sani.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Bai zo ba, wai aiki. Ya aiko wa uwarsa hoto, farar hula doguwa a kansa. Ya rame. Na karɓi wayar don in duba ƙarfe nawa.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ta'aziyya a Rogo. Ɗanmaliki, abokina tun firamare, ya ce cikin mutane, yana murmushi, "Malam Ashiru, ina yaronka? An ce ya zama uwar ɗaki a birni." Aka yi dariya. Na ji bakina ya ce, "Kuku ne. Sana'a yake koyo, kuma ya iya."

A mota na nemo lambar Mu'az. Sau biyu ta yi ƙara na kashe. Hayaniya ta yi yawa, shi ya sa. Ya biyo kiran muna shiga Karaye, na ɗauka.