Idon Ruwa Mai Numfashi

Zuwa ga Sharifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Musaddiq da mutanen Gwadangaji. Yaya tarin nasa? Nan ƙauyen waya ba ta kamawa, shi ya sa na ba Labbo direba wannan takarda.

Na iske Gwaggo Sa'ida lafiya, sai ciwon gwiwa. Na gaya mata kin share mata ɗaki, ta dawo wurinmu da zama. Ta sa miki albarka, amma ta kawar da zancen tafiyar.

Ruwan da take sha ya fi damuna. Bayan gonakin albasa akwai wani idon ruwa a gindin dutse, suna ce masa Mai Numfashi. Yakan ɓuɓɓugo har ya cika kwarmin, can sai ya ja baya, ya bar jiƙaƙƙen yashi. Ba mai sanin lokacin dawowarsa. Kin san halina, na zauna da agogo ina rubutawa, ban gano komai ba. Tsofaffin mata ke jera tuluna su zauna jira, wani sa'in tun hantsi har azahar. Matar da ta goya ni, ta sa ni makaranta, ita ce ke jiran ruwa a kan dutse! Gobe zan yi maganin abin, jibi mu taho in Allah ya so.

Ki gai da kowa.

Naki,
Shafi'u

Zuwa ga Sharifa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke ba za mu taho ba. Ga abin da ya faru, ki duba ki gaya mini gaskiya.

Na shiga Argungu na sayo babban duro, na sa aka cika shi da ruwan jarkoki. Na ce Gwaggo ta huta da hawa dutse. Ta yi godiya ƙwarai. Daga nan ta wuni a ɗaki, ko furar da na kawo ba ta taɓa ba. Na tambaya ko jiki ne, ta ce lafiya lau.

Da la'asar sai ga ƙawarta, Inna Zuhura, tana dogara sanda, faɗa tun daga zaure: "Kai wanga ɗan birni, mi munka yi maka ka ɗauke muna mutum?" Ashe a wurinsu mace ba ta fashin zuwa idon sai ciwo ko mutuwa. Da suka ga gurbin tulunta ba komai, har wata ta soma kuka. Ita kuwa Gwaggo kara ta hana ta fita: duron ɗanta cike, a gan ta da tulu, sai a ce ta raina kyauta.

Na ɗauki tulun Gwaggo, na ce ta taso, na bi su ita da Inna Zuhura. Mun iske ruwan ya tafi. Sharifa, rabona da jin dariyar Gwaggo haka tun mijinta Baffa na da rai. Suna tsefe wa juna kai, suna gulmar mazansu da suka rasu, suna yi musu addu'a. Ni ma ban tsira ba, wai ina kallon agogo kamar ruwan a ofishinmu yake aiki. Da ya ɓuɓɓugo, tsaki Gwaggo ta yi, wai ya yi saurin dawowa.

A gidanmu famfo ake murɗawa. Ke kina makaranta, ni ina ofis, Musaddiq sai yamma. Da wa za ta zauna? Ban sake yi mata maganar tafiya ba. Ban sani ba ko na yi daidai, don gwiwar tana ƙaruwa, kuma ranar da za ta kasa hawa tana nan tafe. Amma ba yau ba ce.

Duron na kai masallaci. Idan an yi hutu, ku taho ke da Musaddiq. Ki riƙo ko bokiti ne, don Inna Zuhura ta ce ba a ba wanda ya zo hannu rabbana wurin zama.

Ina kewarki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Shafi'u