Barkonon Ƙwarƙwata

Litinin, 5 ga Yuni

Sati uku ke nan da zazzaɓin ya sake ni, amma bai maido mini da harshena ba. Gishiri, lemun tsami, madarar kwakwa, duk ɗaya suke a bakina. Hancin ma ya tafi hutu. Yaji kaɗai nake ji. Ban faɗa wa kowa ba. Saura kwana goma sha biyu bikin 'yar Nurlela ƙanwata, kuma ni ce mai tukunya, kamar kowane biki a ƙauyen nan shekara ashirin da shida. In aka ji Rosnidar ba ta jin ɗanɗano, wa zai ƙara aikowa a kira ni? Ina jin tsoro, gaskiyar ke nan.

Laraba, 7 ga Yuni

Kasuwar Payakumbuh. Wajen Sarinam mai barkono na tsaya, kamar kullum. Ta zubo mini babban ja na kawo launi, wanda yajinsa bai fi na tumatir ba, da mai lanƙwasa na randang, naman nan da ake dafawa da madarar kwakwa har ya ƙafe, da dogon kore. Na ce ta ƙara mini ɗan ƙwarƙwata, ƙaramin barkonon nan mai azabar yaji, tafi biyar. Ta tsaya tana kallona, ta kira ni Uni, wato yaya, kamar yadda kowa ke kirana.

"Uni Ros, girki za ki yi ko korar ɓeraye? Da fa tafi ɗaya kike ɗauka."

Na ce ta auna barkononta ta bar mini lissafin tukunyata. Sarinam tun muna 'yan mata bakinta ya fi kayanta yaji.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na niƙa koren sambal, yajin da muke cin shinkafa da shi, a dutse. Na turara barkonon, ban tafasa shi ba, wannan dai hannuna bai manta ba. Na lasa, shiru. Na ƙara ƙwarƙwata uku, na ƙara huɗu, sai da na ji harshena ya motsa sannan na sauke. Na ji daɗi. Na ce ashe sauƙi ya fara zuwa.

Asabar, 10 ga Yuni

Surukina Darmawis, mijin 'yata, shekara tara yana zaune a gidan nan bai taɓa kushe mini ko ruwan sha ba. A al'adarmu suruki baƙo ne a gidan matarsa, magana ba ta fita daga bakinsa kai tsaye. Yau ya ci loma biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ƙara shinkafa har sau uku. Can ya kira ni uwa, kamar yadda ya saba, ya ce, "Amak, barkonon bana kamar ya sha rana da yawa a gona."

Na ce bana ruwa bai ɗauke ba ko na sati ɗaya. Ya ce haka ne kuwa, ya ci gaba da yanka kokwamba.

Hannunka mai sanda ne, na gane. Na yi kamar ban gane ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Kajin ma sun ƙi ragowar.

Talata, 13 ga Yuni

Nurlela ta zo mu tsara kayan biki. Kilo talatin na nama, kwakwa har ban ƙirga ba. Shekara da shekaru aikinta a gefena ɓare albasa da goga kwakwa. Ni ce na sa mata suna mai hannun tsoro, don ko ƙwarƙwata ɗaya za ta jefa a miya sai ta tsage shi ta kankare farin cikin, wai a nan yajin yake ɓoye. Gaskiya ne a nan yake, amma wa ya aike ta?

Na zuba mata abinci. Ta ɗanɗana sambal ɗin, ta ajiye hannu, ta sha ruwa a hankali. Da za ta tafi, a bakin matakala, ta ce, "Uni, dangin ango tsofaffi ne da yawa. Kakarsa ma za a kawo ta."

Na ce ai ba yau na fara ciyar da tsofaffi ba.

Bayan ta tafi na zuba sukari a cokali na sa a baki. Yashi.

Alhamis, 15 ga Yuni

Gobe za a ɗora randang. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi ta juya abin tun bayan la'asar. Ma'aunin yana kaina, sai dai barkono ba ya bin ma'auni. Mai lanƙwasa na kan tudu ya fi na kwari faɗa, na makon nan ba lallai ya yi daidai da na makon jiya ba. Shi ya sa ake ɗanɗanawa. In na lalata kilo talatin a gaban surukai, ba sunana kaɗai zai zube ba, yarinyar ce za ta shiga danginsu da kunya. Ni na yi mata wankan farko.

Juma'a, 16 ga Yuni

Mata goma sha ɗaya a bayan gida, manyan kasko uku a kan wuta. Da madarar ta fara kauri aka miƙo mini cokali, kowa yana jira, kamar yadda aka saba. Na lasa. Ba komai. Hannuna har ya kai kan kwanon ƙwarƙwata.

Sai na ce, "Lela, shayi ya ƙona mini harshe da safe. Zo ki ji."

Matan suka kalli juna. Ba a taɓa yi ba. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana juya shi a baki, har na fara jin haushi.

"Yaji ya isa, Uni. Gishiri kaɗan. Kaskon tsakiya kuma yana son babban ja, ya yi fari."

Na ce dama abin da zan ce ke nan. Ta janye kwanon ƙwarƙwatar daga gabana ta ajiye can bayan kwakwa, ba ta ko kalle ni ba. Har aka sauke, sau bakwai tana ɗanɗanawa. Ni ina juyi, ina kallon mai yana fitowa, ina faɗin lokacin rage wuta. Wannan ido ne, kuma idona lafiyarsa lau.

Da muke wanke kasko ta ce a hankali, "Shayin nan naki, Uni, ya kai wata yana ƙona ki."

Hayaƙi ne ya shiga idona.

Asabar, 17 ga Yuni

Kakar ango ta nemi ƙari. Aka yi ta cewa hannun Uni Ros sai ita. Na karɓi yabon, ban gyara wa kowa ba. Nurlela na can tana kwashe kwanuka. Abin ya dame ni har yamma.

Talata, 20 ga Yuni

Harshen dai jiya i yau. Wataƙila ya dawo, wataƙila shi ke nan.

Da hantsi wasu mutum biyu suka zo daga ƙauyen gaba, suna da biki bayan Sallah, suna son in riƙe musu tukunya. Na amsa. Har sun miƙe na ce su biya ta gidan Nurlela su tambaye ta ita ma, ranar ta yi mata ko ba ta yi ba. Suka ce ai mai girki suka zo nema.

Na ce to, rabinta kuka samu.