Jirgin da ba shi da wurin tsayawa

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta ba, ko kabari ba ka da shi balle adireshi. To amma wa zan faɗa wa?

Har yanzu ina Alƙahira, ina tuƙa Oga, hafsan nan na ofishin jakadanci. Makon jiya na kai shi baje kolin kayan tsaro, ina riƙe masa jaka. Can na ga jirgin ruwan sintiri wanda ba mutum a ciki. Ba kujera, ba sitiyari, sai kyamara a ka, daga ɗaki mai sanyi ake sarrafa shi. Na zagaya shi ina neman goshin jirgi, inda kake tsaye ranar da ɓarayin mai suka buɗe muku wuta. Babu wurin. Na karance takardar tallarsa da Larabcina na bakin titi, wai in an harbe shi ƙarfe kawai aka yi asara. Kai fa, me suka ce an yi asara?

Don haushi na ɗauki bidiyo na tura gurup ɗin gida, ban rubuta komai ba.

Autanmu Sadiku ya daɗe yana nacin shiga sojan ruwa kamar kai, Inna tana cewa sai bayan ranta. Ya kai mata bidiyon, ya ce yanzu sojan ruwa ba ya taɓa ruwa, a ofis yake zama. Da ta yi shakka ya ce ai ni na turo, ni mai karance-karance. Ta dafa kansa ta sa masa albarka. Khalas, shi ke nan. Gwaggo Rabi ta ce tun rasuwarka ba a ji dariyar Inna ba sai ranar.

Oga kuwa hoto ya ɗauka da jirgin, ya ce ma'alish, a yi haƙuri, namu sai a hankali. Kafin hankalin nan ya iso, a kwalekwale irin naka za a tsayar da yaron.

Ban taɓa gaya maka ba, tsiyar da nake yi wa farin kakinka sha'awa ce. Don haka na san abin da ke cin Sadiku.

Wallahi na gaji. Amma gobe bayan Juma'a zan kira Inna in faɗa mata jirgin ba namu ba ne. Za ta yi kuka, Sadiku zai daina ɗaga wayata. Gara ya yi gaba da ni yana taka ƙasa.

Allah Ya haskaka inda kake kwance.

Ƙaninka mai baki,
Nasiru